Ranar da Baba Ya Amsa Kafin a Tambaye Shi

Mu 'yan sashen wasan kwaikwayo muna da wata cuta da ba ta jin magani: ba ma iya yin abu sai mun yi gwajinsa tukuna. In baƙo zai zo, sai mun gwada yadda za a tarbe shi. In ɗalibi zai kare aikinsa a gaban malamai, sai mun tsayar da shi a dandali mun yi masa ruwan tambayoyi. Akwai ma abokin aikinmu da ya tara mu muka yi masa gwajin zuwa gaida surukai. Ni na fito a uwar yarinya, na kuwa ba shi wuya har sai da ya jiƙe da gumi. Sauran sassan jami'a dariya suke mana, ni kuma har yau su nake tausaya wa, don ban san yadda mutum zai shiga babban taro da ka kawai ba.

Shugaban sashenmu a lokacin, Baba kowa ke ce masa, har masu shara. Bazazzage ne, gajere, mai furfura a gemu, mai tafiya da sauri kamar an aike shi. Shi ya koyar da ni ina ɗaliba, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki, kuma shi kaɗai ne in na ɗauki zafi a taro zai ce, "Ke, zauna," in zauna. Shekarar da nake ba da labarinta ita ce ta ƙarshe a gare shi. Da zangon karatu ya ƙare zai yi ritaya ya koma gonarsa ta Bomo.

Abu ɗaya yake so ya gani kafin ya tafi. Ya daɗe yana neman jami'a ta amince a buɗe digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin fasaha, wato a horar da mutanen da za su iya riƙe ƙungiyar wasa, ko gidan kallo, ko ƙungiyar mawaƙa, ko ɗakin nuna zane-zane. Su ne masu neman wurin wasa, masu ƙulla yarjejeniya, masu neman tallafi, masu kula da kaya, masu raba faɗa in gwanaye biyu sun ƙi gaisawa. Baba yakan ce gwanaye muna yaye su kowace shekara, amma mai riƙe gwanaye ba mu taɓa yaye ko ɗaya ba.

Dalilinsa kuwa kowa a sashen ya haddace shi, don ya ba mu labarin har mun gaji. Yana saurayi akwai wata ƙungiyar wasa da kiɗa a Sabon Gari, ta Hausawa da Ibo da Yarbawa da mutanenmu na kudancin Kaduna, shi ma yana ciki. Sun yi suna, ana gayyatarsu gari-gari. Sai ƙungiyar ta mutu a tsaye. Babu wanda ya yi faɗa da wani, babu wanda ya ci amana. Wurin gwaji ne ya kuɓuce musu saboda ba wanda ya tuna ya je ya sabunta magana da mai wurin, kayan sawa suka watse a gidajen mutane, wasiƙun gayyata suka riƙa zuwa ba mai amsawa. Gangunansu suka ƙare a bayan shagon atamfa na matar babban makaɗinsu, wani Ibo aminin Baba, wanda ya riga mu gidan gaskiya tun tuni. Mama muke ce wa matar. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Duk ranar da Baba ya leƙa gaishe ta sai ta ce, "Malam, yaushe za a zo a kwashe kayan nan?" Shi kuma ya ce, "Sai an sami wanda zai riƙe su." Haka suka yi ta yi har dukansu suka tsufa.

Takardar neman buɗe karatun ta wuce sashe, ta wuce tsangaya, saura kwamitin manyan digirori. In kwamitin ya amince, majalisar jami'a ba ta cika ja ba. An taɓa kai ta can a shekarun baya aka dawo da ita a gyara, kuma gaskiya gyaran yana kan hanya. Amma wannan karon zaman kwamitin shi ne na ƙarshe kafin ritayar Baba. In aka sake cewa a je a gyara, to ba a zamaninsa ba, kuma Allah kaɗai ya san ko wanda zai gaje shi zai damu da maganar.

A kwamitin akwai mutum ɗaya da kowa ke shakka, wani Farfesan Akanta. Dogo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, jan biro a aljihun gaba. Ba mugu ba ne, karanta takarda yake yi daga farko har ƙarshe, abin da yawancinmu ba ma yi. In zai yi magana sai ya yi gyaran murya, ya zare tabarau, ya ce, "Ina da 'yar ƙaramar tambaya." Na taɓa zama da shi a wani kwamitin jarrabawa, na ga yadda 'yar ƙaramar tambayar nan take sa babban mutum in'ina.

Ba sai na faɗi abin da muka yanke ba. Gwaji muka shirya.

Damina ce, masara ta fara shigowa Samaru. Kullum bayan an tashi daga aji sai mu taru a dandalinmu, mu jera bencina kamar teburin taro, a aika a sayo gasasshiyar masara a bakin titi. Baba ya raba mana matsayi. Wannan ta fito a shugabar kwamiti, wancan ya fito a wakilin ɗakin karatu mai tambayar littattafai, wani kuma aka ce ya fito a mai gyangyaɗi, don kowane kwamiti yana da shi. Da aka zo kan Farfesan Akanta, duk suka juyo suka dube ni.

Na ce, "Ni mace, kuma gajera?"

Baba ya ce, "Baki ake nema, ba tsawo ba."

Na ari tabarau, na sayi jan biro, na zauna na karanta takardarmu da idon wanda ba ya ƙaunarmu. Tambayoyi suka fito da kansu. Ranar farko na yi gyaran murya, na zare tabarau, na ce, "Ina da 'yar ƙaramar tambaya. Wannan karatun naku, kasuwanci ne ko rawa? In kasuwanci ne, me ya kai shi hannunku? In rawa ce, me ya sa sai da digiri na biyu?"

Baba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da nake saurayi a Sabon Gari…"

Muka ce, "A'a, Baba!"

Matsalarsa ke nan. Ka tambaye shi hanyar kasuwa, sai ya fara maka da tarihin wanda ya haƙa rijiyar unguwar. Na ce masa kwamiti ba zaure ba ne, minti kaɗan za a ba shi, in ya shiga labarin gangunan nan sai la'asar ta yi ba a kai ga zuciyar magana ba. Muka hana shi labarin kwata-kwata. Muka rubuta masa amsoshi gajeru masu kaifi, ya haddace su kamar yadda ɗan wasa yake haddace layinsa. Na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai. Mutumin da ya taɓa sa ni maimaita shigowa ɗaya har ƙafafuna suka yi ciwo, yau ga shi ina ce masa, "Sake, Baba, ba ka ɗaga murya ba," yana sakewa.

To a wasan kwaikwayo akwai wani abu da muke koya wa yara tun shekarar farko. Ɗan wasa ba ya jira ya saurari maganar abokinsa kamar yau ya fara jin ta. Alama yake jira, da ta zo ya shigo, kada a bar rami a tsakani. Da gwajin ya yi nisa, ni ma na gaji da maimaita tambayoyin nan. Sai in yi gyaran murya kawai, in zare tabarau, Baba ya zuba amsa ta farko. In sake gyaran murya, ya zuba ta biyu. Muna tafa masa, muna cewa ya zauna daram. Cikinmu babu wanda ya ga aibin haka, mu duka da digirorinmu.

Ranar zaman, Baba ya sha farar babbar riga da hula zanna. Ni aka zaɓa in raka shi, na zauna a kujerar bayansa da tarin takardu a cinya. Da Turanci ake zaman, kamar kowane zama na jami'a. Shugabar kwamitin, wata farfesar ilimin magunguna mai sanyin murya, ta ba shi dama, ya gabatar da bayaninsa tsaf, ko Sabon Gari bai ambata ba. Wakilin ɗakin karatu ya yi tambayar littattafai, aka ba shi amsa. Akwai ma mai gyangyaɗin, a gefen taga. Na ce a raina, kai, mun iya aikinmu.

Shugaba ta ce, "Akwai sauran mai magana?"

Farfesan Akanta ya yi gyaran murya. Ya zare tabarau.

Baba ya miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, ba rawa ba ce, kuma ba kasuwanci zalla ba ne. Mai sayar da siminti yana iya ajiye hajarsa ta jira kasuwa, amma wasa in ba a yi shi yau ba ya wuce. Wanda zai riƙe irin wannan haja dole ya san lissafi, dole kuma ya san halin masu yin ta, shi ya sa muke so a yi karatun a wurinmu tare da taimakonku." Ya kai aya, ya koma ya zauna yana gyara hannun riga.

Har mai gyangyaɗin ya farka.

Farfesa ya ce, "Ban yi tambayar ba tukuna."

Ya dubi takardar da ke gabansa, ya ce, "Amma ita ce."

Ina addu'a a zuci, sai wani tari na gaskiya ya taso wa Farfesa, irin na sanyin damina. Kafin ya gama, Baba ya sake miƙewa: "Game da malaman da za su koyar kuwa…" Na cafko bayan rigarsa na ja da ƙarfi har ya faɗa kujera.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya kife takardarsa, ya ajiye Turanci gefe, ya ce da Hausa, "Malam, wa ya nuna muku tambayoyina?"

Nan fa maganar ta tashi daga abin dariya. Fuskar shugaba ta canza. In aka yi zargin wani ya leƙa takardar ɗan kwamiti, mafi sauƙin abin da za a yi shi ne a ɗage maganar sai an bincika, kuma ɗagewa ita ce abin da muka zo gujewa. Na dubi ƙeyar Baba, na ga gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hula.

Ya ce, "Wallahi ba wanda ya nuna mana, ranka ya daɗe. Gwaji muka yi."

"Gwajin me?"

"Gwajin zaman nan. Muka raba matsayi, kowa ya fito a ɗayanku."

Wani ya tuntsire da dariya ya danne. Farfesa ya ce, "Wa ya fito a ni?"

Ko daƙiƙa Baba bai ɓata ba. Ya juyo ya nuna ni da yatsa. Mutumin da na yi makonni ina yi wa hidima! Har yau in na tuna sai na ce masa ya sayar da ni da arha, shi kuma ya ce ai tambayarsa aka yi.

Farfesa ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗau lokaci ba. Ya ce, "In gaskiya ne ba ku ga takardata ba, akwai ta uku a ciki. Tashi ki yi ta mu gani." Ya miƙo mini tabaransa.

Shugaba ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa, ina jin ita ma tana son gani. Na tashi a tsorace. Amma da na ɗora tabaran nan a ƙarshen hanci, tsoro ya tafi, don wannan kam aikina ne. Na miƙe wuya, na karkata kai hagu yadda yake yi, na yi gyaran murya, na zare tabarau a hankali, na nuna Baba da su. Na ce, "Ina da 'yar ƙaramar tambaya. In kun yaye su, wa zai ɗauke su aiki? Ko za mu ƙara wa gari masu yawo da takarda ne a hammata?"

Ɗakin ya fashe. Wakilin ɗakin karatu har da dukan tebur, shugaba ta rufe fuska da gyale kafaɗunta suna motsi. Farfesa ya buɗe takardarsa ya tura wa shugaba, ta karanta, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Har da hammatar!" Wannan kam ƙari ta yi, amma tambayar ita ce. Baba ya ba da amsarta yadda muka shirya: gidajen rediyo da talabijin, masu shirya fina-finai, hukumomin al'adu, ƙungiyoyin mawaƙa na coci-coci, masu shirya bukukuwa, da waɗanda za su kafa nasu.

Na ɗauka an gama. Farfesa ya karɓi tabaransa, ya goge su da bakin riga, ya ce, "Akwai wadda ba ki hango ba, don ba ta cikin takarda." Bai yi gyaran murya ba. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, na ji ƙarshen zangon nan za ka tafi. Ko rana ɗaya ba za ka koyar a wannan karatun ba. Me ya sa kake wahalar da kanka?"

Ba mu rubuta wa wannan amsa ba. Baba ya waiwayo ya dube ni kamar yaron da ke neman izini. Na san abin da yake tambaya. Na gyaɗa masa kai.

Ya ba su labarin gangunan. Abin mamaki, bai ja shi ba. Ya faɗi ƙungiyar, ya faɗi yadda ta mutu ba tare da kowa ya yi laifi ba, ya faɗi shagon atamfa da tambayar da Mama take masa. Ya ce, "Mijinta ya rasu yana jira. Ita ma ta tsufa, ni ma na tsufa. Ina so in je in ba ta wata amsa dabam kafin ɗayanmu ya tafi." Ya zauna. Ni da na ji labarin nan har na gaji da shi, sai ga ni ina neman hankici a jaka.

Farfesa ya zaro jan biro ya yi 'yan rubuce-rubuce. Ya koma Turanci ya ce yana goyon baya, da sharaɗi biyu. Na farko, babu ɗalibin da za a yaye sai ya je ya zauna da wata ƙungiya ta gaske a cikin gari ya yi mata aiki na zango guda. Na biyu, darasin lissafin kuɗi sashensu ne zai koyar, kuma shi da kansa. Shugaba ta tambaya ko akwai mai ja, babu. Ta ce an amince, a yi ƙananan gyare-gyaren a miƙa wa majalisa.

Muna fita Farfesa ya tsayar da ni a baranda. Ya ce, "Malama, karkata kan ya yi. Amma ba haka nake gyaran murya ba, kin cika ƙarfi." Ya yi mini nasa in ji, ya wuce abinsa.

A sashe kuwa ranar ba a yi aiki ba. Sai da aka sa na maimaita abin da ya faru a dandali, ina yin Farfesa, ina yin Baba, ina yin kaina ina jan riga. Baba yana gefe yana cin masara yana cewa ƙarya nake masa, bai miƙe da sauri haka ba. Na ce mu tafi Sabon Gari yanzu-yanzu. Ya ce a'a, sai majalisa ta sa hannu, ba zai kai wa tsohuwa rabin magana ba.

Majalisa ta amince ana saura 'yan kwanaki ya ajiye aiki. Washegari da hantsi ya leƙo ofishina ya ce in zo in raka shi. Muka shiga tsohuwar motarsa, muka bi ta Kwangila, an yi ruwa da safe, titi duk taɓo. Don in tsokane shi na ce, "Baba, ko mu tsaya mu yi gwajin abin da za ka faɗa mata?"

Ya ce, "Ke, zauna."

Shagon yana wani layi a bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran keken ɗinki da mai sayar da robobi. Mama tana zaune a bakin ƙofa tana auna wa wata mata atamfa. Ta ga Baba ta ce, "A'a, Malam, sannu da zuwa. 'Yata, ke ma yau an tuna da ni?" Ta sallami mai sayayya, ta jawo mana benci.

Baba bai zauna ba. Ya tsaya a gabanta, ya cire hula, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa.

Mama ta dube shi, ta dubi hular. Ta ajiye almakashi a hankali. Ba ta yi masa tambayar da ta saba ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta leƙa layi ta ƙwala wa mai robobi kira: "Maƙwabci! Oya, maza nemo mini mota, yau za a kwashe kayan mijina."

Na ce, "Mama, ai bai faɗa miki komai ba tukuna."

Ta ce, "Tun yana saurayi nake ganinsa, bai taɓa cire mini hula ba." Ta share ido da bakin zane, ta shige bayan shago tana cewa mu bi a hankali, akwai ɓeraye.

Gangunan suna jingine a bango an lulluɓe su da tsofaffin buhuna. Fatun yawancinsu sun tsage, igiyoyi sun ruɓe. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, har ya kai kan wata doguwa a lungu. Ya buga ta da tafin hannu, ta amsa. Mama ta ce, "Tasa ce." Ya sake bugawa, ta ɗaga kafaɗa ɗaya, ta ɗaga ɗayar, sai ga tsohuwa tana takawa a tsakanin buhuna, tana dariya hawaye na zuba.

Da motar ta zo, ita ta tsaya a kan masu lodi tana faɗa kada su jefa. Ta ce wa Baba ɗaliban farko in sun zo a turo mata su, tana da abin da za ta gaya musu. Doguwar gangar kuwa ba ta yarda an sa ta a bayan mota ba. Ni na rungumo ta a cinya har Samaru, Baba yana tuƙi yana kauce wa ramuka.